Ɗinki Uku Ja

Jaka goma sha biyu na kai Adum
wata Talata, cikin buhun shinkafa.
Anti Serwaa ta ɗaga su ɗaya-ɗaya,
ta shinshina, ta ja maratayi, ta leƙa ciki,
ta ce, "Bar su. In an saya, arba'in cikin ɗari nawa ne."
Ta rubuta a littafi, na sa hannu,
na fito da buhu wayam.

Bayan sati biyu na koma, ban shiga ba.
Na tsaya bayan gilashi ina leƙensu
kamar uban da ya kai 'ya'ya makarantar kwana.
An rataya wa kowacce takarda a wuya
da sunan kanti, da kuɗin da ni kaina
ba zan iya biya ba.
Fatar da na zaɓo da hannuna a majema,
na rina ta da karan dafi har farcena ya yi ja,
ga ta can tana shan sanyin na'ura,
ni ina nan ina shan rana.

Kanti bai cuce ni ba, nawa gare shi.
Kuɗinsa kamar ruwan famfon layinmu:
zai zo, amma ba ya faɗin rana.
Wata uku: bakwai sun tafi, huɗu na jira,
ɗaya ta dawo, rana ta cinye mata kunci a taga.
"Asarar mai kaya ce," in ji Opoku, yaron kanti,
idonsa a kan waya.

Ran Asabar kuwa leda nake shimfiɗawa
a bakin tashar Aboabo.
Nan babu littafi, sai baki.
Sista Adiza ta asibitin Tafo ta taya tamanin,
na ce albarka.
Ta kushe ɗinkin, ta kushe launin, ta yi gaba,
ta kai wajen mai kwakwa, ta juyo.
Sidi ɗari da hamsin, na sallama.
Wayata ta yi ƙara tun ba ta tsallaka titi ba,
kafin magariba kuɗin ya zama dokunu da kifi
da takalmin makarantar Balaraba.
Da maratayin ya tsinke ni ta nemo,
ta zage ni tas, na gyara,
washegari ta kawo ƙanwarta.

Sai dai mai wuni yana ciniki bai ɗinka komai ba.
Basilla na gida tana jirana.
Hadari ya taso ta Asawase, in kwashe da gudu,
ma'aikatan birni su ɓullo, in kwashe da gudu,
wata ranar tun hantsi har duhu
mariƙin makulli biyu kacal.

Taura biyu ba ta taunuwa, in ji babana Ɗantani,
amma shi bai ga kuɗin hayar bana ba.
Abin da ya bar min na riƙe:
can cikin kowace jaka, ƙarƙashin aljihu,
ɗinki uku da jan zare.

Jiya a motar Kejetia wata mata ta zauna gefena,
jakata a cinyarta, ɗaya daga cikin bakwai ɗin.
Na ce, "Madam, jakar nan ta yi kyau."
Ta shafa ta, ta ce daga Turai aka kawo.
Da ta buɗe za ta biya yaron mota
na hango su, uku, ja, suna nan.

Lambar wayata ta zo min har baki.
Na haɗiye.
Na dai ce ta riƙa shafa mata man kaɗanya
in damina ta wuce,
sannan na sauka a Adum
in ji labarin huɗun da suka rage.